Buhun da Ke Ɗaure a Mangalar Jaki

'Yan'uwa cikin Ubangiji, kun san ba na yabon kaina, amma gaskiya a faɗe ta: tun da aka haife ni lissafi bai taɓa ka da ni ba. Ina aji uku hedimasta ke aikowa a kira ni in gyara masa rajista. In na ɗaga buhun gyaɗa sai in gaya maka ƙwaya nawa ke ciki, har da masu tsutsa. Shi ya sa da fasto ya nemi wanda zai yi wa iyaye magana a kan wannan lissafi mai haruffa da ke firgita 'ya'yanmu, bai dubi kowa ba sai ni. Ga misalin da na ba su ranar Lahadi.

Akwai wani mutum manomi, yana da 'ya ɗaya tak, ya kuwa ƙwallafa rai a kan karatunta. Wata rana ta dawo idanu jajur, ta ajiye littafi a gabansa ta ce, “Baba, na bar makaranta.”

Ya ce, “Wa ya taɓa ki?”

Ta ce, “Malam ne. Da can sai na ba da amsa yake soke ni. Yanzu tun ban amsa ba ya soke.”

Mutumin ya duba, ya ga an rubuta x + 5 = 12. To, wannan harafi da suke kira ekis babu shi a rubutun Hausa. Abin da yarinyar ta sani kawai, shi ne alamar da malam ke dangwarawa da jan biro in an faɗi. Ga shi yanzu a kan kowace tambaya. Saura kwana uku jarrabawa, kuma an ce wanda bai zo ba za a cire sunansa.

Mutumin ya ƙura wa littafin ido. Biyar ya san ta, sha biyu ya san ta, amma wannan mai miƙe ƙafafu bai taɓa gamuwa da shi ba. Ga shi kuma ya riga ya cika unguwa da cewa shi gwanin lissafi ne. Akwai irin waɗannan mutane, Allah ya shirye su. Sai ya ce, “Wannan ai wasan yara ne. Bari in dawo daga kwasar tubali.”

Kwana biyu yana kwasar tubali. In ya hango ta a ƙofar ɗaki rungume da littafi, sai ya tuna akwai sauran tubali a bakin kududdufi. A rana ta uku ta bi shi har can, tana tafe tana share hawaye.

Ya ɗora wa jaki mangala. A gefen dama tubali sha biyu. A gefen hagu tubali biyar, da wani buhu da ya ɗaure tun jiya, ya ma manta tubali nawa ya zuba a ciki. Kaya ya zauna daidai, jaki na tafiya sumul. Yarinya ta ce, “Baba, gobe ne fa.” Don ya sami abin yi da hannunsa, sai ya ce jaki ya gaji, ya sauke biyar ɗin nan na hagu.

Nan take mangala ta zame, sha biyun suka zubo a kan ƙafarsa. Jama'a, tubalin nan akwai nauyi. Har cikin ƙwaƙwalwa na ji... wato, haka aka ce mutumin ya ji.

Yarinya ta tsaya da kuka. Ta ce, “Baba, ai da ka cire biyar a can ma.”

Suka sake ɗaura kaya, suka cire biyar nan, biyar can. Hagu ya rage buhu shi kaɗai, dama ya rage tubali bakwai, mangala kuwa ba ta karkata ba. Ta dubi hagu, ta dubi dama, sai ta daka tsalle: “Bakwai ne a buhun!” Aka kwance, aka ƙirga, bakwai cif. Ta ce, “Ashe ekis buhu ne! Ba soke ni aka yi ba!”

Mutumin, riƙe da ƙafa, ya ce, “Abin da nake so ki gane ke nan tun shekaranjiya.” Washegari ta tafi makaranta.

To, ga ma'anar wannan misali. Buhun nan da ke ɗaure shi ne abin da ba mu sani ba tukuna. Da yawa a cikinmu, da zarar mun gamu da shi, sai mu ce Allah ya soke mu tun ba mu amsa ba. Ba sokewa ba ce, 'yan'uwa. Akwai amsa a ciki, ba a dai kwance bakin ba, kuma Ubangiji da ya ɗaura mana kayan ya san adadinsa. Mangala kuwa ita ce zaman gidanmu. In ka sauke wa kanka kunya ka bar wa ɗanka tsoro shi kaɗai, kayan zai zubo, kuma a ƙafarka zai zubo. Yarinyar nan ta kusa rasa karatunta domin ubanta ya kasa furta kalma uku: ban sani ba. Ku faɗe su, sa'an nan ku zauna ku kwance buhun tare da 'ya'yanku.

Ina cikin tattara takarduna sai Gwaggo Briskila, shugabar zumuntar mata, ta ɗaga hannu.

“Malam Kefas, jakin nan na cikin misali, baƙi ne mai yankakken kunne?”

Na ce, “Gwaggo, jakin misali ba shi da launi.”

“Na tambaya ne don ya yi kama da namu, wanda ka ara shekarar da ka gina rumbu. Da yammar ranar 'yarka Lidiya ta zo karɓar man zafi, tana ta ba mu labarin wani buhu. Cire mana takalmin hagu mu ga babban yatsan.”

Na ce, “Mu yi addu'a.”

Ba wanda ya rufe ido. Kowa ƙafata yake kallo.