Ɗan Sandan Da Ya Wuni Ƙarƙashin Tabarma

"Ajiye wayar nan, Malaki."

"Aiki nake."

"Aikin me? Tun yaushe 'yan zari-rugan ƙauyenku suka zama ofis?"

"Sinalei, shekararki nawa da shiga aikin nan? Biyu? To tun ba ki iya ɗaura zani ba nake tuƙi a hanyar nan. Ko ido rufe na san inda kowane rami yake."

"Ɗazun nan fa ka tsayar da direban bas a kan waya. Har da tura ƙirji gaba: 'Rayuka arba'in ne a hannunka, bawan Allah!'"

"Shi direban bas ne. Ni ɗan sanda ne. An horar da mu."

"An horar da ku, ko an dasa muku ido na uku a goshi?"

Jama'a, bari in faɗa muku su waye.

Akwai wani ɗan sanda a nan Samoa, Malaki sunansa. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, shuɗin zanensa na aiki, irin wanda 'yan sandanmu ke ɗaurawa, kullum a goge kamar ba a zama da shi. In zai yi maka magana sai ya ɗaga haɓa, ya runtse ido ɗaya, kamar mai hangen jirgi a teku. Sinalei kuwa abokiyar aikinsa ce, 'yar ƙarama, bakinta ba ya hutu.

Da la'asar ce. Suna tafe a motar aiki kan hanyar bakin teku, hannunsa ɗaya a sitiyari, ɗayan yana lalubo saƙon muryar da kocinsu na zari-ruga ya turo.

"Malaki!"

Ƙarar ba ta da yawa. Wani ɗan "gum" ne kawai, kamar kwakwa ta faɗo kan rufi.

Sai ganyen saƙar tabarma ya watse ko'ina a kan kwalta.

Wata tsohuwa ce ya kaɗe, Inna Telesia. Ta ɗauko ganyen da ta shanya a tsallaken titi, tana komawa gida. Tana kwance a gefen hanya, ƙafarta ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. A cikin motar kuma wayar na ta magana ita kaɗai, koci yana ƙyaƙyata dariya.

Allah ya sa da sauran kwana. Ƙafa ta karye gida biyu, haƙarƙari uku sun tsage.

A tsakar asibiti Malaki ya jawo Sinalei gefe.

"In an tambaye ki, ki ce da gudu ta faɗo titi."

Sinalei ta dube shi sama da ƙasa. "Da gudu? Mai shekara saba'in da kwando a ka? Ka bari in ce ma ta yi tsalle ta yi alkafura." Ta juya ta rubuta abin da ta gani, har da wayar.

Aka dakatar da shi daga aiki, aka sa ranar zuwa kotu. Shi a ganinsa magana ta ƙare ke nan.

Amma hanya ɗaya ce tak ta zagaye tsibirin, kuma ta tsakiyar ƙauyen Inna Telesia ta ratsa. Mutanen su Malaki ba su da wata hanyar zuwa kasuwa, ko asibiti, ko makaranta. Kwana biyu da haɗarin aka jefi bas ɗinsu da duwatsu. A kwana na uku, babban ɗanta Pelenato ya fito bakin titi ya zauna yana wasa adda. Wasa ta kawai yake, yana kallon motoci.

Sai Kawu Sauni ya aika a kira Malaki.

Kawu Sauni shi ne shugaban danginsu. Shekararsa saba'in da takwas, ga ciwon zuciya, ƙwayoyinsa cike da gwangwani. Duk mai wucewa ta gabansa sai ya rusuna. Malaki tun da aka haife shi bai taɓa ganin ƙeyar tsohon nan daga sama ba.

"An sallamo tsohuwar daga asibiti jiya," in ji Kawu. "Gobe da asuba za mu je ifoga, mu roƙi gafara a ƙofarsu."

Malaki ya ɗaga haɓa. "Kawu, wannan ai tsohon yayi ne. Akwai doka. Kotu za ta yi aikinta."

"Kotu za ta hukunta ka, kuma daidai ne. Kotun ce za ta raka ƙannenka makaranta?"

"To ni kaɗai zan je."

"Kai wa? Kai ɗin me?" Tsohon ya yi murmushi. "Ba su san ka ba, sai motarka. Ni suka sani. Ni zan shiga ƙarƙashin tabarma, kai kana gefena."

"Zuciyarka fa, Kawu?"

"Da ka tuna da ita lokacin da kake danna waya."

Gari bai gama wayewa ba suka isa ƙofar gidan Inna Telesia, su kusan talatin, ba mai takalmi. Suka sauke itace, da duwatsun murhu, da ganyen ayaba, duk kayan da ake gasa alade da su. Kowa ya san ma'anarsu: ga mu, ga wuta, ku yi da mu yadda kuka ga dama.

Kawu Sauni ya zauna kan tsakuwa, ya tanƙwashe ƙafa, ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa. Malaki ya zauna gefensa. Aka warware tabarmar gadon danginsu, wadda laushinta ya kai na mayafi, mai jan gashin tsuntsu a baki, wadda kakar kakarsu ta yi shekara biyu tana saƙawa. Aka lulluɓe su da ita.

Daga nan ba magana, ba ruwa, ba motsi, har sai mutanen gidan sun zo da kansu sun ɗaga. In ba su ɗaga ba, to ba su yafe ba.

Rana ta fito.

Malaki yana ganin haske na ratsowa ta ƙofofin saƙar, ɗigo-ɗigo, a kan gwiwoyinsa. Yana jin ƙauyen na farkawa. Zakara ya yi cara. Wata mata ta fara shara, sai tsintsiyar ta tsaya cak. Wani ya kashe rediyo. Kafin hantsi, garin gaba ɗaya ya yi tsit, sai teku kaɗai ke numfashi can nesa.

Bas ta taho da kiɗanta kamar kullum. Tana hango tabarmar, direba ya kashe kiɗan, ya rage gudu, ya wuce a hankali kamar mai bin gawa.

Can sai ya ji taku a kan tsakuwa. Ƙafafu biyu manya suka tsaya a bakin tabarmar, tsinin adda na lilo kusa da su.

"Ɗan sanda!" Muryar Pelenato ce. "Ina wayar? Kira mana ofis su zo su cece ka. Ai an horar da ku!"

Malaki ya yunƙura zai ɗago kai. Sai ya ji busasshen hannun Kawu ya sauka kan gwiwarsa, ya danne ta.

Ƙafafun suka daɗe a wurin. Sannan suka juya.

Rana ta take. Tsakuwa ta zama garwashi. Ƙarƙashin tabarmar nan kamar cikin tukunya. Gumi na zuba daga haɓar Malaki, haɓar nan da ba ta san ƙasa ba.

Numfashin Kawu ya fara sauyawa. Yana ja da ƙyar, yana saki da ɗan fito.

"Kawu," Malaki ya raɗa, "don Allah mu tashi. Su sare ni. Ni na yi."

Hannun ya ƙara danne gwiwarsa.

A nan ne abin ya shige shi. Daƙiƙa nawa ya yi yana kallon wayar? Uku? Huɗu? Ya ƙirga su a ransa: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Shi ke nan. Ga tsohuwa kwance da karaya, ga ƙauyuka biyu sun ja daga, ga mutumin da duniya ke rusuna masa ya kifa kai a ƙofar wani yana neman mutuwa a rana. Duk a cikin huɗun nan.

Malaki ya fashe da kuka, ba sauti, don ko kukan ba shi da izinin ji.

Azahar ta gota. Hadari ya taso daga teku, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, ya ɗauke, rana ta dawo da zafinta. Mutum talatin a bayansu, ba wanda ya gyara zama.

Gidajenmu ba bango, kun sani. Duk abin nan Inna Telesia na kwance tana kallo tsakanin ginshiƙai.

Sai aka ji muryarta, siririya, kamar ta akuya mai mura.

"Pelenato! Zo ka ɗauke ni."

"Inna, ba a gama shawara ba."

"Ƙafar wa aka karya, tawa ko ta shawara? Ajiye wannan abin ka ɗauko kujera."

Malaki ya ji adda ta faɗi kan tsakuwa. Ya ji taku mai nauyi, na masu ɗauke da kaya, yana matsowa. Inuwa ta rufe ɗigon hasken nan.

Sai tabarmar ta ɗaga.

Iska ta bugi fuskarsa. Da ya ɗago ido, ga ƙauyen gaba ɗaya a tsaye, ɗaruruwan mutane, maza da mata, wasu na share hawaye. Can baya ga Sinalei da kayan gida, ta toshe baki da hannu. A gabansa kuma ga tsohuwar kan kujerar roba, ƙafa cikin farin ɗauri, 'ya'yanta huɗu na riƙe da ita a sama, gefen tabarmar a hannunta.

Aka sauke kujerar, Pelenato da kansa ya durƙusa ya tallafo Kawu Sauni, ya kafa masa ruwan kwakwa a baki. Tsohon ya kurɓa, ya kurɓa, har numfashinsa ya dawo. Sannan ya buɗe murya, a dushe, ya faɗi abin da ake faɗa:

"Uwarmu, mun zubar da jininki a kan hanya. Ba mu zo da hujja ba. Ga itace, ga duwatsu, ga ɗanmu, ga ni. Ku hura wuta ku gasa mu."



Inna Telesia ta leƙo daga kan kujerarta. Ta ƙare wa Malaki kallo, daga jiƙaƙƙen kansa har tafin ƙafa, tana taɓe baki kamar mai taya kifi a kasuwa.

"Wannan?" ta ce. "Haƙori biyu gare ni, Sauni. Wa zai tauna mini ɗan sanda?"

Darasi: Kaki ba ya ƙara wa mutum ido, kuma titi bai san muƙami ba. Dokar da ka tsayar da wani a kanta, kai ta fara hawa. In kira ya zama dole, tsaya gefen hanya, ko ka miƙa wa na kusa da kai. Kallon waya na daƙiƙa huɗu, wani ne zai ɗauke shi a ƙafarsa, wani kuma a kan furfurarsa. Ku tura wa duk mai tuƙi, musamman masu kaki. Amma ku ce musu su yi fakin kafin su karanta.