Sulken da Ba a Shafa wa Mai Ba

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta.

An yi wata mata mai dukanci, sunanta Tasalla. Mijinta Barmo zai tafi yaƙi, ya ce ta ɗinka masa sulken fata. Ya ce, "Ranar da kika gama, ranar zan dawo."

Ta yanka fata ƙanana ƙanana kamar ɓawon kifi. Ta rina su ɗaya bayan ɗaya da karan dafi, suka yi ja wur. Ta shanya a inuwa, ta ɗinka, wannan na hawa kan wannan. Saura shafa mai, don kada fatar ta bushe ta ƙanƙance. Nan ta tsaya. Tsoro take ji: in ta gama bai zo ba fa? Damina bakwai tana cin tuwo ita kaɗai, sulke na rataye yana kallonta.

Sai Gizo ya hango jan nan, ya yi kwaɗayi.

"Inna Tasalla, an gama?"

"Saura mai."

Washegari ya dawo. "An gama?"

"Saura mai."

Rana ta uku ma haka. Gizo ya ce, "Inna, mai sai ka ce miya za a yi?"

Ta tafi rafi, ya ɗauke sulke ya saka, ya nufi kasuwa yana taƙama. Ruwan sama ya jiƙa shi, rana ta fito ta gasa shi. Fata ta fara tsukewa. Ta tsuke, ta tsuke, har numfashi ya gagara. Da rarrafe ya komo.

"Inna, cire ni! Na tuba!"

"Ai na gaya maka saura mai."

Ba hanya sai wuƙa. Ta daɗe tana duban aikinta, sannan ta tsarge shi daga wuya har ƙasa. Gizo ya fita da ƙugu kamar zare, kuma haka yake har yau.

Tasalla ta tsince jajayen fatun a ƙwarya. Ta leƙa hanya, ba kowa. Ta jawo sabuwar fata ta fara yanka, a hankali, a hankali.

Yara, kada ku ɗauki abin da mai shi bai ce ya gama ba. Ba ku san abin da yake jira ba.

Ƙurunƙus, ta koma inda ta fito.