Masarar da Ta Shiga Burtali

An ce dagacin Tudun Kanya ya haɗe burtalin shanu da gonarsa, ya shuke shi kaf da masara. Ja'e makiyayi ya wayi gari shanunsa na kukan ƙishi, ga rafi can amma babu hanya. Ya nufi fada, ya faɗi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, ta ina za mu bi?"

Dagaci ya ce, "Ku je rafi mana. Amma in kofato ɗaya ya taka gonata, garken ya zama nawa."

"To ko burtalin ne ya yi ƙaura?"

Dagaci ya saci kallon dattawa, ya murtuke. "Yana nan inda kakanni suka bar shi!"

"Madalla. To a sa fadawa su ɗan ɗaga gonar sama, mu wuce ta ƙasa."

"Kana da hankali kuwa? Ana ɗaga gona?"

"Ranka ya daɗe, in saniya ta shiga gona, wa ke kama ta?"

"Mai gona mana."

"To tunda masara ce ta shigo burtali, bari masu burtali su kama ta."

Dattawa suka ce gaskiya ne. Kafin azahar shanu sun kame ta tas, ko kara ɗaya bai tsere ba.