Ɓeran Kurmin Malam Jatau

A farkon damina, 'yan katako suka shafa wa itatuwan wani kurmi a kan tsaunin Mambila jan fenti, alamar za a sare su. Hukuma ta ce ba za ta hana sara ba sai an nuna mata wata halitta da babu irinta a ko'ina. Marigayi Malam Jatau, mai gadin kurmin, ya sha cewa akwai wani ɓera mai farin bakin wutsiya da ke iyo a rafin can sama. Har ya rasu ana yi masa dariya. 'Ya'yansa uku suka tashi nema.

Barau, babbansu, maharbi ne. Kwana tara yana bin rafi cikin hazo, matsattsaku na shan jininsa, har ya tarar da ɓawon kaguwa a tare kan wani dutse, da ƙananan sawu a laka. Ba don shi ba, da ba a san inda za a ɗana tarko ba.

Ashiru, autansu, wanda ya karanci dabbobi a jami'a, ya ɗana tarko sittin da tunkuza, don littafinsa ya ce gyaɗa ce abincin tarko. Mako uku ba a kama komai ba sai ɓerayen gona. Lantana, 'yar tsakiya, mai tuyar kifi a kasuwa, ta juya ɓawon kaguwar a tafinta ta ce, "Auta, wanda ya saba da kaguwa za ka yi wa tayin tunkuza?" Ta daka busasshen kifi da kaguwa ta sa. Washegari tarko ya kama.

Barau ya leƙa ya ce ɗan gafiya ne, a sake shi. Ashiru ya riƙe masa hannu: "Yaya, dubi ƙafarsa." Akwai fata tsakanin yatsun, kamar na agwagwa. Ashiru ya auna ɓeran, ya ƙirga haƙora, ya aika ɗan guntun kunne ɗakin bincike. Amsa ta dawo: ba a taɓa rubuta irinsa ba. Aka janye zarto, aka sa wa kurmin sunan mahaifinsu.

Saura ɓeran, wanda masana suka ce sunan mutum ɗaya zai ɗauka. Barau ya nuna Lantana, Lantana ta nuna Auta, Auta ya nuna Yaya.

To, jama'a, sunan wa ya kamata ɓeran nan ya ci?