Daɓen Tabawa Mai Shan Zafi

Dalilin da ya sa tayil ke tsira wa ƙafa sanyi, ko da an kunna ɗumi a ƙarƙashinsa, wata mata ce ta jawo, kuma da gangan ta yi. Ku gyara zama ku ji, yara.

A da can, a wani gari da ke bisa duwatsu, inda sanyi ke shiga har ɓargo, an yi wata mai ginin tukwane, sunanta Tabawa. Ita ta fara murza yumɓu ta yi shi fale-fale, ta gasa, ta goge har ya yi sheƙi, abin da kuke kira tayil yanzu. Mijinta Ɗantala magini ne. Shi ya haƙa 'yan hanyoyi a ƙarƙashin ɗaki, irin na gadon ƙasa, ya hura wuta daga waje, Tabawa ta shimfiɗa tayil a kai.

A lokacin tayil bai san komai ba sai kyauta. Duk ɗumin da wuta ta ba shi, sai ya miƙa wa ƙafar da ta taka shi.

Wata shekara, bayan ɗaukewar damina, zazzaɓi ya shigo garin ya bi yara gida-gida. Ya kama Kuluwa, 'yar autar Tabawa. Aka yi jiƙo, aka yi tofi, aka jiƙa tsumma aka ɗora mata a goshi, nan take tsumman ya bushe. Ran nan da hantsi yarinyar ta buɗe ido ta dubi uwarta, ta ce, "Baiwar Allah, ina innata?"

Tabawa ta durƙusa ta dafa daɓen da hannu biyu, ta ce, "Ni na tono ka daga bakin rafi, ni na kwaɓa ka. Ban taɓa roƙon ka komai ba. Yau ina roƙo, ka ɗauke wa 'yata zafin nan."

Sai daɓen ya amsa da 'yar ƙaramar murya, kamar an ƙwanƙwasa sabuwar tukunya. Ya ce, "Inna, zan iya sha. Amma ki sani, in na ɗanɗana zafin jikin mutum, ba zan ƙara dainawa ba. Mai ciwo da mai lafiya duk ɗaya ne a wurina. Ko wuta na ci a ƙarƙashina, ƙafar da ta taka ni sai na sha nata."

Tabawa ta ce, "Na yarda."

Ta leƙa waje ta ce, "Maigida, a kashe wutar nan."

Ɗantala ya shigo da sauri. Da ya ji abin da take shirin yi, ya tare ƙofa ya ce, "Tabawa, kina cikin hankalinki kuwa? Yarinya na rawar ɗari, ki kwantar da ita a ƙasa ba ko zane? In sanyi ya ƙarasa ta fa?"

Ta ce, "In na bar ta a gado, zafi zai ƙarasa ta muna kallo. Ni dai ba zan naɗe hannu ba."

Ya dubi fuskar 'yarsa. Sannan ya fita ya sheƙa wa wutar ruwa.

Tabawa ta kwantar da Kuluwa a kan tayil. Daɓen ya fara sha. Ya sha, ya sha, har wurin ya yi zafi kamar kaskon tuya. Tabawa ta mirgina ta zuwa wani gefen, nan ma ya sha. Haka ta yi ta zagaya ɗakin da yarinya a hannu, gwiwoyinta har sun goge. Wajen la'asar sai gumi ya keto wa Kuluwa. Ta yi atishawa, ta tashi zaune, ta ce, "Inna, akwai sauran kunu?"

Tabawa ta rangaɗa guɗar da aka ji har bakin kasuwa. Kafin magariba mata sun cika gidan, kowace da nata a goye. Aka jera yara a ɗakin kamar an shanya kuɓewa, kuma duk wanda aka kwantar, da ƙafarsa ya koma gida.

Da gari ya samu lafiya, Ɗantala ya sake hura wutarsa. Ɗaki ya yi ɗumi, ya tuɓe takalmi ya shiga, sai ga shi ya yi tsalle yana cewa, "Wash!" Ya koma ya ƙara itace, ya ƙara, har bango ya yi zafi. Ya sake takawa, ya sake ɗage ƙafa.

Ya ce, "Tabawa, kin ɓata mana aiki."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta nuna masa Kuluwa tana ta guje-guje a tsakar gida, ta ce, "Maigida, sa takalminka."

Shi ya sa har yau, ko an binne wayar lantarki ko bututun ruwan zafi a ƙarƙashin tayil, ɗaki ya ɗume, da ka ɗora tafin ƙafa sai ka ji sanyi. Ba sanyi yake ba ka ba, yaro. Zafinka yake sha, wai ko da zazzaɓi ka shigo.