Akushin da Ba Tuwo

An yi wani sarki mai dukiya da yalwar ƙasa, sai dai Allah ya jarrabe shi da zato, har ya zamana ko dariya aka yi a bayansa sai ya tambaya wa ake yi wa. Saboda wannan hali kurkukunsa ya cika da mutanen da ba a kama su da komai ba, illa dai an gan su suna ƙus-ƙus.

Wata rana dogarai suka kawo masa labari cewa matan unguwar masaƙa kullum bayan la'asar suna ta aika wa juna akusa a rufe, gida zuwa gida. Da wani dogari ya buɗe ɗaya ya ga tuwo, ya buɗe na biyu ya ga wayam, an wanke shi tas an rufe da faifai.

Sarki ya kira Waziri Haladu ya ce, "Wanda ya aika tuwo ya yi sadaka. Wanda ya aika akushi ba komai ciki, ishara yake aikawa. Ka gano mini makircin nan, in ba haka ba rawaninka ya tafi."

Waziri ya fita zuciyarsa ba daɗi, domin shi ma abin ya ɗaure masa kai. Ya tafi wurin dattijuwar unguwar, Inna Kuluwa, ya same ta tana tsince wake, ya gaya mata abin da ke tafe da shi.

Ta yi dariya ta ce, "Waziri, ashe har akushina ya samu shiga fada? Ni mai shi ko leƙa fadar ban taɓa yi ba! Kai ni wurin sarki, in faɗa da bakina."

Da ta durƙusa gaban sarki ta ce, "Allah ya ba ka nasara, a unguwarmu akwai gidajen da turminsu ya yi shiru. Mace in ta rasa ba ta faɗa, sai ta ɗora ruwa a wuta don maƙwabta su ga hayaƙi, amma mu kunne muke sa wa daka. Da a ce gidanta kaɗai tuwo ke shiga, kafin magariba gari ya sani. Shi ya sa kowane gida yake aikawa, kowane gida yake karɓa, mai abu ta cika, marar abu ta rufe ta miƙa. Ko yaranmu masu ɗauka mun hana su faɗin wanne ya fi nauyi."

Sarki ya ƙura mata ido ya ce, "Magana ta yi daɗi, kuma daɗin nata ne ban yarda da shi ba. Faɗi sunayen gidajen a bincika, ko ki kwana a kurkuku."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai da tabarmata na zo."

Nan waziri ya tuna masaƙan da aka kama a unguwar, ya kuma gane gidajen da ake nufi. Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, akwai hanyar gwada ta ba tare da an tona asirin kowa ba. A saki masaƙan da ke tsare ba bisa shaida ba. In makirci ne, akusan wofi za su ci gaba da yawo. In yunwa ce, za su cika da kansu."

Sarki ya yarda, ba don tausayi ba, sai don yana son kama ta da ƙarya. Aka sake su, Inna Kuluwa kuwa aka tsare ta a gidan waziri.

Masaƙa suka koma kan aikinsu, turame suka tashi. Dogarai suka yi ta ɗaga faifai har suka gaji, ba su ƙara samun akushi ba tuwo ba.

Sarki ya sunkuyar da kai ya ce, "Na nemi mai makirci a garina, ashe ni na kashe wutar gidajen nan." Ya yafa wa waziri alkyabbarsa, ya ba Inna Kuluwa rumbun gero. Ta yi godiya, ta roƙa a raba geron a rufe, kuma a bi kowane gida.

Masana suka ce, sarkin da ya ɗaure mutum kan zato ya ɗaure abincin gida guda, kuma adalci bai cika ba sai ya ciyar da mai yunwa bai kunyata shi ba.