Ladan Tsatsa

Alhaji Bawa, dillalin bindigogi, ya ba Ɗanjuma mafarauci hayar sabuwar bindigar toka. Da ta dawo da tsatsa, sai ya kai shi gaban dagaci.

"Ranka ya daɗe, ya mayar mini da ita sabuwa, kuma ita ɗin nake so!"

Ɗanjuma ya durƙusa ya ce, "Alhaji, nawa kake sayar da sabuwa?"

"Dubu hamsin."

"Tsohuwa mai tsatsa fa?"

"Tamanin! Ai ta ga daji, an gwada ta."

"To, ranka ya daɗe, na kai tasa ta ga daji. A ba ni talatin ɗina."

Dagaci ya sa Alhaji ya biya. Washegari tsofaffin bindigogi suka yi araha a rumfarsa.